Ƙoramun Riruwai, Uwayen Ruwan Tiga

Duk wanda ya tsaya a bakin madatsar Tiga, a ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a shekarar 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya ga ruwa ya miƙe iya ganin ido, da wuya ya tuna cewa asalin wannan bahar, bisa ƙudurar Mahalicci, ƙananan ƙoramu ne da ke gangarowa daga tuddan kudu, irin duwatsun Riruwai na ƙasar Doguwa, su ratsa dajin Falgore, su zuba a Kogin Kano.

Ƙorama irin wannan hali biyu gare ta. Da damina, bayan shamuwa ta sauka, takan cika ta tumbatsa cikin sa'a guda, har ta hana mai kaya ƙetarewa. Da rani kuwa sai ta zama rairayi, alhali ruwan bai ƙaura ba, ɓuya ya yi ƙarƙashin yashi, shi ya sa makiyayi kan tona kamu biyu ko uku ya shayar da bisashensa. Wannan ɓoyayyen ruwa shi ke riƙe da kurmin gaɓa, inda maɗaci da kanya da ɗinya ke zama kore shar lokacin da sauran daji ya bushe, nan mazo da gada ke laɓewa, gwaggon biri na sauka da hantsi, guza na shan rana bisa dutse.

Abin da ya fi ba ni al'ajabi shi ne gaiwa. Idan kududdufi ya soma ƙafewa, sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta bar 'yar kafa ta shaƙar iska, domin Allah ya hore mata huhu, ta yi watanni ba ci ba sha, har ranar da ruwan fari zai jiƙa ƙasa ya tashe ta.

Amma idan masu gawayi suka sare itatuwan gaɓa, saiwar da ke ɗaure ƙasa ta mutu, to, zaizaya za ta kwashe gaɓar ta kai cikin madatsa, ruwan da manoman rani na Kadawa da Kura ke jira ya ragu. Saboda haka muna roƙon hakimai da dagatai da malaman daji su hana gatari kusantar bakin ƙorama.