Hanyar Ƙauye: A Fara da Tambayar Inda Mutane Suke Zuwa

Idan watan Agusta ya kama, ruwa ya zauna, ƙauyuka da yawa a arewacin Najeriya sukan yanke daga sauran duniya. Rafin da ake tsallakawa a ƙafa da rani ya cika ya batse, akori-kura ta daina shigowa, ɗan acaɓa ya ƙara kuɗi. Manomi ya kwana da tumatirinsa, mai naƙuda kuma a ɗora ta a amalanke ana addu'a. Sau da yawa kuwa tsawon hanyar ba shi ne matsalar ba. Wuri ɗaya ne ko biyu, wani kwazazzabo ko fadama, suke hana amfani da kilomita ashirin.

Masu tsara sufuri suna da ma'aunin da Bankin Duniya ya fito da shi a 2006, wanda daga baya ya shiga muradun ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya: mutum nawa ne cikin mazauna karkara suke zaune ƙasa da kilomita 2 daga hanyar da mota ke iya bi rani da damina? A Najeriya, ƙiyasin bankin ya nuna kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu. Wani ɓangare na dalilin yana cikin yadda aka raba hanyoyi. Manya na Gwamnatin Tarayya ne, matsakaita na jihohi, na ƙauye kuma, waɗanda suka kai kusan kashi biyu cikin uku na tsawon hanyoyin ƙasar, an bar wa ƙananan hukumomi, matakin da ya fi kowane ƙarancin kuɗi da injiniyoyi.

An sha gwadawa. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar raya karkara ta DFRRI, aka share dubban kilomitoci na burji. Da yake ba a tanadi wanda zai kula da su ba, damina ta cinye da yawa daga ciki. Wannan shi ne ciwon da ya daɗe: ana samun kuɗin ginawa da na bikin buɗewa, amma na yashe magudana da cike rami babu.

Darasi mafi muhimmanci ya fito ne daga gundumar Makete, a tsaunukan kudancin Tanzaniya. A tsakiyar shekarun 1980 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta soma wani aiki a can, kuma kafin a sa hannu a gina komai, sai da aka bi gida-gida ana tambaya: ina kuke zuwa, me kuke ɗauka, awa nawa yake ci muku? Amsar ta sauya tunanin masana. Mafi yawan zirga-zirgar mutane a ƙafa take, a cikin ƙauye da kewayensa: ɗebo ruwa, itace, kai niƙa, zuwa gona. Mata ne ke ɗaukar mafi yawan kayan, a ka. Titin mota bai taɓa ko kusa da wannan wahala ba. Saboda haka aikin ya gyara turbobin ƙafa, ya shigo da jakuna da baro, ya tayar da injinan niƙa da suka lalace. Injin niƙa a tsakiyar gari yakan rage wa mace tafiya fiye da kwaltar da ta ratsa bayan gari, haka ma rijiyar burtsatse. Duk mai tsara sufuri da bai san wannan ba, zai kashe kuɗi mai yawa a kan tafiyar da mutane ba su cika yi ba.

Indiya ta bi ta wata fuskar. Shirin hanyoyin ƙauye da Firaminista Vajpayee ya ƙaddamar a Disambar 2000 ya kafa ƙa'ida da yawan jama'a: matsuguni mai mutum 500, ko 250 a yankin tsaunuka, ya cancanci hanya. Hakan ya rage tasirin "garin wane ne". An kuma ɗaure ɗan kwangila da kula da aikinsa shekara 5 bayan kammalawa, don haka in ya yi ha'inci shi zai biya. An gina fiye da kilomita 700,000 a ƙarƙashin shirin.

Najeriya ta soma ɗaukar wasu daga cikin waɗannan darussa. Shirin hanyoyin karkara na RAMP ya fara a jihar Kaduna a 2008, ya faɗaɗa zuwa Adamawa da Neja da wasu jihohin kudu. Magajinsa RAAMP, wanda Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa suka ba da rance a kansa a 2020, ya haɗa da Kano, Katsina, Sakkwato, Kebbi da Bauchi. Yana zaɓen hanyoyin da ke haɗa gonaki da kasuwanni, yana kuma neman kowace jiha ta kafa hukumar hanyoyin karkara da asusun gyara. Wannan sharaɗin ya fi kilomitocin da ake lissafawa daraja, domin rance zai ƙare, damina kuwa za ta dawo.

Hanya ma ba ta wadatar idan babu abin hawa. A Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara an horar da direbobin ƙungiyar NURTW su riƙa kai masu naƙuda asibiti cikin gaggawa, ko da tsakar dare. Ladar direba a tasha ita ce a ba shi lodi ba tare da bin layi ba. Babu motar da aka saya, abin da ke hannun jama'a aka tsara. A garuruwan bakin ruwa kuwa kwale-kwale ne motar haya, kuma hatsarin kwale-kwalen Bagwai na Nuwambar 2021, wanda ya ci rayukan mutum 29 aƙalla, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, ya nuna abin da ke faruwa idan tsari ya tsaya a kan tudu.

Shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli ba sa bukatar jiran rancen waje kafin su fara. Su tara masu unguwanni da mata da direbobi, a rubuta wuraren da ke yankewa da damina, a sa kwalbati a mafi muni, a kuma ware kuɗin yashe magudana a kasafin kowace shekara kafin ruwan farko ya sauka.