Yadda damuwa ke raunana garkuwar jiki

Da zarar hunturu ya kankama a ƙauyukan Bichi da Ɗambatta da Dawakin Tofa na jihar Kano, mura kan bi gida-gida. Sai dai a ɗaki ɗaya takan kwantar da wani, ta ƙyale wani.

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne halin da zuciyar mutum ke ciki.

A shekarar 1991, wani masani ɗan Amurka, Sheldon Cohen, ya wallafa binciken da aka gudanar a Ingila, inda aka ɗiga wa mutane 394 ƙwayoyin cutar mura a hanci. A cikin masu ƙarancin damuwa, kashi 27 cikin ɗari ne suka kwanta. A cikin waɗanda damuwa ta yi wa katutu kuwa, adadin ya kai kashi 47.

Asirin yana cikin jijiyoyin da ke kai saƙon ƙwaƙwalwa. Rassansu sun shiga har cikin saifa da kuma ƙulluttan wuya da hammata, waɗanda kan kumbura a ce kaluluwa ce. Nan ne sansanin ƙwayoyin garkuwar jiki.

Idan hankali ya tashi, jijiyoyin kan saki sinadarin noradiranalin. In na ɗan lokaci ne, babu laifi. Amma in abin ya daɗe, kamar ga magidancin da rumbunsa ya yi ƙasa tun kafin damina, ga bashin taki a wuyansa, sinadarin kan rage kaifin martanin da jiki ke mayar wa ƙwayoyin cuta nau'in bairas. A 1998, masu bincike a Amurka sun nuna cewa yana hanzarta hayayyafar ƙwayar HIV a ɗakin gwaji.

Akwai kuma sinadarin asitilkolin, wanda wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙirji da ciki ke amfani da shi. A shekarar 2000, Dakta Kevin Tracey da abokan aikinsa sun gano a jikin ɓeraye cewa motsa wannan jijiya na rage kumburi.

Wannan birki na da muhimmanci, domin a mura mai tsanani, sau da yawa wuce gona da irin da garkuwar jiki ke yi ne ke lalata huhu, ba ƙwayar cutar kaɗai ba.