Ranar da Barcelona ta juya wa Figo baya

Masu iya magana sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. A watan Yuli na 2000 sa gudu ya zo wa Luis Figo, shahararren ɗan wasan ƙwallon ƙafa na ƙasar Fotugal, sa'ad da ƙungiyar Real Madrid ta biya wajen Yuro miliyan 60 ta ɗauke shi daga hannun babbar abokiyar hamayyarta, watau Barcelona. Har zuwa wannan lokaci ba a taɓa sayen ɗan wasa da tsada haka ba a duniya.

Figo ya zo Barcelona ne daga Sporting ta birnin Lisbon a 1995. Da shi ƙungiyar ta ci gasar ƙasar Sifen a 1998 da 1999, mutanen gari kuwa suka riƙe shi tamkar ɗan gida. To, ashe Florentino Perez, wanda ke neman shugabancin Real Madrid, ya yi wa masu jefa ƙuri'a alkawarin kawo shi. Da ya ci zaɓe sai ya biya kuɗin da aka rubuta cikin yarjejeniyar Figo cewa duk wanda ya biya yana iya ɗaukarsa. Saboda haka Barcelona ba ta da ikon hanawa.

Abin da ya ƙara zafin al'amarin shi ne, ga jama'ar Kataloniya, Barcelona alama ce ta harshensu da martabarsu, waɗanda aka danne a zamanin mulkin Janar Franco. Real Madrid kuwa suna yi mata kallon ƙungiyar masu mulki. Don haka suka ɗauki tafiyar Figo a kan cin amana tsagwaronsa.

A watan Oktoba na 2000 ya komo filin Camp Nou cikin farar rigar Madrid. 'Yan kallo suka tarye shi da ihu da kyallaye masu kiransa maci amana, mai kwaɗayin kuɗi, suna jifansa da kwalabe da tsabar kuɗi. Barcelona ta ci 2 da babu. Fushin bai huce ba, gama a watan Nuwamba na 2002, ya je bugun kwana ke nan aka jefo masa kan alade. Tilas alkalin wasa ya tsai da wasan wajen minti 15, aka tashi babu ci.

Figo dai ya ci gasar Sifen sau 2 da Kofin Zakarun Turai na 2002 tare da Madrid, kafin ya koma Inter ta Milan a 2005. Ga ɗan wasa, ƙwallo sana'a ce mai ƙurarren lokaci, dole ya nemi na gobe. Magoyin baya kuwa ba shi da inda zai koma, shi ya sa har yau sunan Figo bai daina ɗaci a bakin mutanen Barcelona ba.