ARWAR MASALLATA: TAMBAYAR DA MANOMI KE YI KAFIN RUWAN SHUKA

Kowace shekara, idan an gama kai hatsi rumbu, rani ya kankama, jama'a takan nufi Masallata, wani ƙauye da ke ƴan kilomitoci kaɗan daga Birnin Ƙonni. Manoma da mahalba da masu sarauta da ma'aikatan hukuma duk sukan hallara, wasu daga ƙauyukan Ƙonni, wasu daga wajen Malbaza da Illela. Abin da ke tara su shi ne al'adar Azna ta buɗin daji da arwa, watau duba irin na gargajiya, inda dattawan garin ke fitowa su bayyana abin da suka gani game da shekarar da ke tafe: ko damana za ta yi kyau, ko za a yi ƙamfar ruwa, ko akwai annoba ta mutane ko ta bisashe, ko ƙasa za ta zauna lafiya.

Wanda bai san noma ba yana iya mamakin yadda mutane ke barin ayyukansu domin sauraren wannan magana. Amma manomi ya san dalili. Ruwan da ke sauka a ƙasar Ƙonni wajen milimita 500 ne a shekara, kuma kusan dukansa tsakanin watan Yuni da na Satumba yake zuwa. Irin da manomi ya ajiye ba shi da yawa. Idan ya zuba shi a ƙasa da ruwan farko, sa'an nan sama ta ɗauke mako biyu ko uku, shuka ta ƙone, to, sai ya sake shuka da hatsin da iyalinsa za su ci, ko kuwa ya ci bashi. Idan kuma ya yi jinkiri, ruwa ya tsaya kafin hatsi ya nuna. Saboda haka tambayar da ake kai wa Masallata ita ce tambayar kowane mai gida: yaushe zan shuka, kuma me zan tanada?

Azna da alkawarin ƙasa

Azna, waɗanda ake kira Arna ko Anna a wasu wurare, Hausawa ne da suka riƙe al'adun kakanninsu na kafin Musulunci. A ƙasar Ƙonni da ta Adar, su ne ake ɗauka ƴan ƙasa, watau zuriyar waɗanda suka fara sare daji suka kafa gari. A ganinsu, kakan da ya fara zama a wuri ya ƙulla alkawari da iskokin da ya tarar a nan: zai riƙa ba su rabonsu, su kuma su bar shi ya noma. Sarauta tana iya komawa hannun wasu, amma wannan alkawari yana nan a gidan masu ƙasa, ɗa yana gadon uba.

Azna sun yarda Allah ne ya halicci kome, shi ne kuma mai ba da ruwa. Sai dai suna cewa iskoki suna kusa da mutum, cikin itatuwa da duwatsu da rijiyoyi. Akwai Doguwa, wadda sunanta ya fi fita a wannan yanki, akwai Uwar Gona mai tsaron amfanin gona, akwai Kure. Kowane iska da irin dabbar da ake yanka masa da launinta. Masana sun rubuta a kan waɗannan al'adu: Nicole Echard ta yi shekaru tana bincike a Adar, littafinta kan tarihin manoman Adar ya fito a 1975, shekarar da Guy Nicolas shi ma ya fitar da nasa kan Hausawan kwarin Maradi.

Rufe daji da buɗe shi

Sunan bikin yana bayyana ma'anarsa. Ba a buɗe abu sai wanda aka rufe. A tsarin Azna, daji yana rufe tun daga faɗuwar damana har a gama girbi, ba a fita farautar taro. Sai an kwashe amfanin gona, masu ƙasa sun yi yanka, sun duba alamu, sa'an nan a ba mahalba izini.

Manoma suna da nasu lissafin wata, dabam da na Hijira da na Nasara, suna fara ƙirga daga ƙarshen damana. A kwarin Maradi wajen wata na huɗu ake buɗin daji, ruwa kuwa ana sa ransa a wata na bakwai. Shi ya sa ake cewa watan bakwai maƙarar rani. Tsakanin bikin da ruwan shuka ke nan akwai lokacin shiri: a yi sassabe, a kai taki, a gyara hauya da kwasa, wanda ya tafi cin rani ya san ranar komowa.

Duk wanda ya dubi wannan tsari da idon basira zai ga amfaninsa, ko da bai yarda da iskoki ba. Hana farauta da damana yana ba namun daji damar haihuwa, yana kuma hana a tattake gonaki. Itacen da aka ce na iska ne ba mai sa masa gatari. Haka kuma al'adar hana cin sabon hatsi sai babban gida ya fitar da na farko tana hana a cinye gona tun tana tsaye. Idan kuma dattawa suka ce shekara za ta yi tsanani, kowa ya ji a bainar jama'a, mai rumbu ya rage sayarwa, mai biki ya rage ɓarna.

Alamun da kowa ke karantawa

Ban da arwa, wadda ke hannun ƴan gado, akwai alamun da kowane tsohon manomi ya sani. Idan shamuwa ta iso ta fara sheƙa a kan itatuwan gari, ruwa ya kusa. Idan iskar gabas mai ƙura ta kwanta, wata mai laima ta taso daga kudu maso yamma, bazara ta shigo. Idan gawo ya fara zubar da ganye alhali sauran itatuwa suna toho, damana ta zo.

Ilmin zamani ya gaskata waɗannan. Shamuwa tana tasowa ne daga kudancin Afirka, tana bin ruwa zuwa arewa domin ta yi ƙwai a Sahel. Iskar bazara kuwa daga tekun Atlantika take ɗauko laima, kuma sai ta ture busasshiyar iskar hamada zuwa arewa hadari ke haɗuwa. Akwai kuma waɗanda camfi ne kawai. Bakan gizo, wanda ake kira masha-ruwa, ana cewa wani maciji ne mai suna Gajimare da ke shanye hadari, alhali hasken rana ne ke ratsa ɗigon ruwa. Duwatsun da ake tsinta a gona ana cewa gatarin aradu, gatura ne da mutanen dā suka sassaƙa.

Roƙon ruwa

Wannan ƙasa da ta riƙe Masallata, ita ce kuma ta haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A Maratta, kusa da Galmi, cikin gundumar Malbaza ta yau, aka haife shi a 1754, kuma cikin abubuwan da ya yi wa'azi a kansu har da yanka domin itatuwa da duwatsu. Yau mafi yawan mutanen Ƙonni da Malbaza da Illela Musulmi ne, malamai da yawa suna hani ga halartar arwa, wasu mutane kuwa suna zuwa ne a matsayin kallon gadon kakanni.

Idan ruwa ya ɗauke tsakiyar damana, abin da aka fi gani shi ne sallar roƙon ruwa. Liman yakan umurci jama'a da tuba da sadaka da yafe wa juna, a fita filin idi da hantsi cikin tufafi marasa ado, a yi raka'a biyu da huɗuba, a juya riguna, a roƙi Allah. A ƙauyukan Hausa da dama, mata da yara su ma sukan zaga gari suna roƙo, wani lokaci matan sanye da kayan maza, ana rabon gumba. Ko da hanyar ta bambanta da ta Azna, abu ɗaya ya haɗa su: ba a roƙon ruwa mutum shi kaɗai, sai gari duka ya fito.

A ƙasar masu shinkafa

Kada mai karatu ya ɗauka a ƙasar Hausa kaɗai ake irin wannan. Duk inda abinci ya dogara ga ruwan sama, mutane suna da ranar da suke taruwa su tambayi shekara. Ƙasar Tailan, a kudu maso gabashin Asiya, misali ce. Shinkafa a wurinsu kamar hatsi ce a Adar, damanarsu kuma wajen watan Mayu take farawa.

A cikin wannan wata ake bikin huɗar sarki a filin Sanam Luang da ke Bankok, babban birninsu. An taɓa barin bikin, aka farfaɗo da shi a 1960. Babban sakataren ma'aikatar noma ne ke riƙe garma, fararen shanu biyu suna ja, ana watsa irin shinkafa. Bayan haka a ajiye wa shanun abubuwa bakwai: shinkafa, masara, wake, riɗi, ciyawa, ruwa da giya. Abin da suka zaɓa shi masu duba ke fassarawa. In sun ci shinkafa ko masara, a ce hatsi zai yalwata, in ruwa ko ciyawa, a ce ruwa zai wadata. Da an tashi, jama'a ta ruga cikin filin tana tsintar irin domin ta gauraya da nata.

A arewa maso gabashin ƙasar kuma, musamman a Yasothon, ƙauyuka sukan ɗura albarushi cikin manyan bututu su harba sama, wai domin tuna wa Phaya Thaen, wanda suke ɗauka mai ruwa, cewa lokaci ya yi. In fari ya yi tsanani, wasu sukan sa kyanwa a kwando su zaga gari da ita ana watsa mata ruwa. Duk da haka Tailan tana da madatsan ruwa da ma'aikatar yanayi, tana cikin manyan masu sayar da shinkafa a duniya. Ta riƙe bikinta, bai kuwa hana ta auna ruwa ba.

Abin da fari ya koyar

Nijar ma ta bi wannan hanya bayan ta sha wuya. Farin 1973 da na 1984 sun cinye rumbuna da garkuna a jihar Tawa. A 1974 aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai domin nazarin yanayi da noma a ƙasashen Sahel, kuma tun 1998 masana yanayi na Afirka ta Yamma suke taruwa kafin kowace damana su ba da hasashensu. Su ma ba su cewa ga ranar da ruwa zai sauka a gonar wane. Abin da suke faɗi shi ne ko damana za ta zo da wuri ko a makare, ko ruwanta zai fi na kullum ko zai kasa.

Bincike a Nijar ya ba da ma'auni mai sauƙi: ruwan shuka shi ne wanda ya kai milimita 20 cikin kwana uku a jere, ba kuma tare da an yi fiye da mako guda ba ruwa a watan da ya biyo baya ba. Milimita guda kuwa lita guda ce a kan fili mai mita guda tsawo, mita guda faɗi.

An kuma koyi riƙe ruwan da ya sauka. A Ƙonni, madatsan Mozage da Zango da ke kan Maggiya suna shayar da fiye da hekta 2,400, aikin da aka yi tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980. A Illela kuwa, wasu manoma sun ziyarci Yatenga ta Burkina Faso a 1989, suka komo da dabarar tassa: a haƙa ƙananan ramuka a faƙo tun da rani, a zuba taki, gara ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ciki maimakon ya gudu. Cikin ƴan shekaru dubban hekta na faƙo a wajen Badagishiri suka koma gonaki, har filin da dā ba mai so ya zama abin saye.

Aikin da ke jiran masu karatu

Dattawan da suka san lissafin watanni da alamun itatuwa da tsuntsaye suna ƙarewa, kuma mafi yawan abin da suka sani bai shiga takarda ba. Nan ne aikin waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci yake. Littafi guda da alƙalami sun isa. A rubuta ranar da shamuwa ta iso, da ranar ruwan farko, da ranar shuka, da abin da ma'aunin ruwa ya nuna in akwai shi a garin, da yawan damman da aka samu. A rubuta abin da aka faɗa a Masallata, da abin da ma'aikatar yanayi ta faɗa a rediyo. Bayan shekara goma, garin zai ga da idonsa wace alama ce ke cika, wace ce ba ta cika.

Ma'aikatan gona da shugabannin gundumomi su ma suna da darasi. Kakanni sun gane cewa maganar damana a gaban taro ake yin ta, cikin harshen da kowa ke ji, tun da sauran lokacin shiri. Hasashen da ya tsaya a ofis cikin Faransanci bai tsirar da irin kowa ba. Ya kamata ya isa dandali da masallaci da kasuwa kafin watan bakwai, tare da shawarar irin da ya dace da shekarar. Hausawa sun ce da sabon gini gara yaɓe: taron yana nan tun kaka da kakanni, abin da ya rage shi ne a kai masa labari mai inganci.

Allah ya kawo damana mai albarka, ya cika rumbuna.