Gaskiya ko Jita-jita: Tsofaffin Zanen Tsuntsaye Masu Launin Hannu

Manomin Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ba ya bukatar a gabatar masa da shamuwa. Ya san in ta sauka kan kuka ta fara kwasar ƙirare, lokacin gyaran gona ya yi. Ya kuma san jan-baki, sani irin na wanda ya sha tsayawa da gwangwani yana kora a gonar dawa. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, waɗannan tsuntsaye suna cikin wasu tsofaffin littattafai a Landan, Faris da Balin, an buga siffarsu an kuma shafa mata launi da hannu tun kakanninmu ba su ga jirgin ƙasa ba. Yanzu hotunan waɗannan zane-zane sun fara yawo a wayoyinmu, kowanne da labarin da aka rataya masa. Wani labarin yana da tushe, wani kuwa jita-jita ce kawai.

"Turawa ne suka fara zana tsuntsaye"

Ba haka ba ne. A Meidum ta ƙasar Masar an samu zanen agwagin daji guda shida a bangon wani kabari, wanda ya haura shekara 4,500, kuma an fitar da kamanninsu sosai har masanan yau suna iya tantance irin yawancinsu. A duwatsun Azbin, arewa da mu, mutanen dā sun sassaƙa jiminu a jikin dutse. A duniyar Musulmi ma akwai kwafe-kwafen littattafan dabbobi masu zane, kamar Manafi'ul Hayawan da aka rubuta a Maragha ta Farisa a ƙarshen ƙarni na 13. Sarki Jahangir na Indiya, wanda ya yi mulki daga 1605 zuwa 1627, yana da mai zane a fadarsa, Ustaz Mansur, wanda har yau ake kafa hujja da aikinsa wajen sanin kamannin wani tsuntsun tsibirin Morishiyos da ya ƙare a duniya. Hukuncin zana mai rai magana ce ta malamai, kuma mun bar musu. Tarihi dai ya nuna an yi.

Abin da Turai ta zo da shi shi ne injin ɗab'i. Zanen Mansur guda ɗaya ne, yana ajiye a wuri ɗaya. Zanen da aka buga kuwa ana iya samun ɗaruruwansa. Wanda ya fi yawa shi ake gani, wanda ake gani kuma shi ake ɗauka na farko.

"Kowane ɗaya, mai zane ne ya zauna ya zana shi daga farko har ƙarshe"

Jin an ce "da hannu aka yi" shi ke jawo wannan fahimta. A gaskiya aikin taron dangi ne. Mai zane zai yi zane guda. Wani gwanin ya kwafe shi a kan farantin jan ƙarfe, yana karce layukan da tsinken ƙarfe ko ya bar ruwan asid ya ci su. A shafa baƙar tawada, a goge, a matse takarda a kai da injin, sai siffar tsuntsu ta fito baƙi da fari. Bayan da Alois Senefelder ya ƙirƙiro bugun dutse a Jamus a 1796, sai aka samu hanya mai sauƙi: a zana da alli mai maiƙo a kan shafaffen dutse, a jiƙa dutsen da ruwa, tawada ta kama inda maiƙo yake kaɗai.

Daga nan ne aikin hannu ke shigowa. Ana jera masu shafa launi a tebur, a kafa musu samfuri guda a gaba, kowa da buroshi da launin ruwa, suna bin takardun ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya taɓa zama kusa da alaramma yana rubuta Alƙur'ani zai gane tsarin: baƙi ake fara gamawa, sannan a dawo da jar tawada a sa wasali, a dawo da rawaya. Bambancin shi ne a can inji ke yin baƙin, masu launin kuma 'yan ƙwadago ne da ba a rubuta sunansu.

Babban littafin John James Audubon kan tsuntsayen Amurka, wanda ya fito kashi-kashi daga 1827 zuwa 1838, yana da zane 435, kowace takarda tsayinta ya kusa mita guda. Robert Havell ne ya sassaƙa kusan dukkansu a Landan, gomman mutane suka shafa launin. John Gould na Ingila kuwa, wanda sunansa ya fi na kowa fita a wannan sana'a, galibi zayyanar farko kawai yake yi. Matarsa Elizabeth ce ta zana fiye da 600 kafin ta rasu a 1841 tana da shekara 37, jim kaɗan bayan haihuwarta ta takwas. Sunan da ke bangon littafi shi mutane suka riƙe.

"Mai zanen ya zo ƙasar nan ya ga tsuntsun da idonsa"

Nan ne ruɗun ya fi yawa, domin zanen kan zo da reshe da ganye da ciyawa, har mutum ya rantse a bakin dam ɗin Mairuwa aka zauna aka yi shi. Mafi yawan masu zanen ba su taɓa taka Afirka ba. William Swainson ya fitar da ƙananan littattafai biyu kan tsuntsayen Afirka ta Yamma a 1837, masu launin hannu, alhali bai zo yankin ba. Da fatu ya yi aiki.

Ga yadda abin yake. Matafiyi zai harbi tsuntsu da ƙananan harsasai don kada gashin ya lalace. A tsaga cikinsa a feɗe, a fitar da nama da idanu, a shafa wa fatar guba saboda ƙwari, a cusa auduga, a ɗaure ƙafafu da 'yar takarda mai ɗauke da wuri da kwanan wata. Bayan watanni a akwati, a kan ɗan dako ko raƙumi sannan jirgin ruwa, abin da zai isa teburin mai zane wani busasshen abu ne miƙaƙƙe kamar rogo. Daga wannan ne zai ƙago tsayuwar tsuntsu da kallonsa.

Waɗanda suka zo ƙasar Hausa da kansu masu tarawa ne. Ernst Hartert, Bajamushe, ya biyo ta Binuwai a 1885, shi da Paul Staudinger, suka kai Zariya, Kano da Sakkwato. Daga baya ya zama mai kula da tarin tsuntsayen Walter Rothschild a Tring ta Ingila. Rothschild ɗin ne ya turo Angus Buchanan, wanda ya yi tara a kewayen Kano sannan ya nausa Azbin a 1920, Hartert ya yi bayanin abin da ya kawo. A 1932 aka sayar da mafi yawan tarin, fatu kimanin 280,000, ga babban gidan tarihin halittu na New York. Ke nan akwai tsuntsayen da aka harba a bayan ganuwar Kano da ke kwance yau cikin durowa a Amurka, da takardarsu a ƙafa.

"Tunda masana suka buga, babu kuskure a ciki"

Akwai, kuma dalilin yana cikin abin da muka faɗa yanzu. Gashi yana riƙe launinsa, amma baki da ƙafa da fatar fuska suna dushewa cikin 'yan kwanaki, ido kuwa an riga an cire. Dubi shamuwa da kyau a farkon damina: fuskarta shuɗiya ce da ɗan ja a gaban ido, ƙafarta toka-toka, gwiwa da yatsu ja. Duk wannan ba ya isa Turai. In matafiyin bai rubuta ba, sai mai zane ya yi kintace.

Har wurin da tsuntsu ya fito akan rikita. Carl Linnaeus, wanda ya kafa tsarin sunayen kimiyya, ya yi bayanin jan-baki a 1758 ya ce tsuntsun Indiya ne. Manoman gero da dawa na nan da sun ji da sun yi mamaki. A wannan shekarar ya sa wa wani tsuntsun yankin Niyu Gini suna mai nufin marar ƙafa, domin mafarautan can suna yanke ƙafafun kafin su sayar da fatar, har Turawa suka daɗe suna cewa tsuntsun ba ya sauka ƙasa. Mafi ban takaici shi ne na François Levaillant, Bafaranshen da ya yi yawo a kudancin Afirka ya fitar da littafi mai mujalladi shida da zane 300. Aikin yana da kyau ƙwarai, amma a 1857 masanin Suwidin Carl Sundevall ya bi shi dalla-dalla ya nuna cewa da dama daga tsuntsayen ba na Afirka ba ne, wasu ma babu su a duniya, dillalai ne suka haɗa gashin wannan da jikin wancan. Kurakuran sun daɗe saboda mai zane na baya kan kwafi na gaba, kuma kyawun takarda yana sa a ji nauyin musu.

"Wanda sunansa ke jikin tsuntsu shi ya gano shi"

Sunan kimiyya na shamuwa, wanda aka sa a Balin a 1823, yana ɗauke da sunan Abdim Bey, gwamnan Dongola a Sudan, kuma karramawa ce kawai aka yi masa. A 1826 an sa wa wata fakara sunan Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato, ya biyo ta Katsina a hanyar komawa. Abokin tafiyarsa Dixon Denham kuma aka sa wa wani tuje sunansa. Sun kai fatun inda ake rubuta suna, wannan gaskiya ne. Amma maharbin da ya san inda fakara ke kwana, da mai ɗana tarko, da yaron da aka koya wa fiɗa, su suka yi rabin aikin, kuma da wuya a ga sunansu a takardar ƙafa. A ganinmu wannan shi ne babban giɓin da ke cikin tarihin nan, ya fi kuskuren launi girma.

"Duk tsohon hoton tsuntsu dukiya ce"

Tushen maganar gaskiya ne. A 2010 an sayar da cikakken littafin Audubon a gwanjon Sotheby's a Landan kan fam miliyan 7.3. Irin wannan labari ne ke shiga waya, a yanke masa kai da gindi, ya zama "ana sayen hoton tsuntsu da miliyoyi". Mun ga yadda aka yi da tsohon dutsen guga da tsohon keken ɗinki, inda mutane suka yi asarar kuɗi suna neman wani sinadari da babu shi. Cikakkun kwafin Audubon da suka rage ba su wuce kimanin 120 ba, yawancinsu a ɗakunan karatu. Ƙananan zane irin na Swainson kuwa dubbai aka buga, cikin jerin littattafai 40 da aka yi don masu matsakaicin hali, kuma har yau ba su da tsada. Littafin David Bannerman kan tsuntsayen yankinmu, mujalladi takwas daga 1930 zuwa 1951, inji ne ya buga launinsa. Abin da ke rataye a falo ko ofis kuwa, kusan kullum sabon bugu ne ko shafin kalanda.

Bambancewa ba ta da wuya. A samu gilashin ƙara girma irin na mai gyaran waya a duba: in launin ya tarwatse zuwa ƙananan ɗige-ɗige a jere, inji ne. Launin hannu shimfiɗe yake, wani wuri ya yi kauri, wani wuri ya ɗan tsallake layi. Bugun jan ƙarfe yana barin gurbin farantin a kewayen zanen, ana jin sa da yatsa, ko da yake bugun dutse ba ya bari. A ɗaga takardar a rana: tsohuwa ta tsumma takan nuna tambari a cikin jikinta, kamar jinjirin wata uku da ke cikin takardun Italiya da malamanmu suka yi rubutu a kai. Takarda mai santsi da ƙyalli kuwa ta zamani ce, an shafe ta da farar ƙasa irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara. Jan da takarda ta yi ba shaida ba ne, ruwan shayi ma yana yin sa.

"A manne shi da leda, ya fi daɗewa"

Wannan yana kashe shi ne. Zafin injin da gam ɗin ledar suna kama takardar har abada, ba a iya cirewa. Abokan gabar tsohuwar takarda su ne hasken rana, wanda ke cinye launin ruwa, da laimar damina, da gara. A shimfiɗe ta tsakanin fararen takardu masu tsabta, cikin akwatin ƙarfe, nesa da ƙasa da bango.

"Tunda kyamara ta zo, zane ya gama aiki"

Launin hannu ya mutu, inji ya karɓe shi tun farkon ƙarni na 20. Zane kuwa yana nan. Littafin gane tsuntsayen Afirka ta Yamma na William Serle da Gérard Morel na 1977 zane ne, haka na Nik Borrow da Ron Demey na 2001, wanda masu nazarin tsuntsaye a Najeriya ke amfani da shi, har da ɗaliban cibiyar Leventis da ke Amurum kusa da Jos. Hilary Fry, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi nazarin tsuntsaye masu cin ƙudan zuma a kewayen garin, kuma shi ya yi zane-zanen launi na littafin da ya rubuta a kansu a 1984.

Dalilin shi ne hoto tsuntsu ɗaya yake kamawa, a rana ɗaya, cikin haske ɗaya, wataƙila ganye ya rufe wurin da ake bukata. Mai zane yana jera namiji da mace da ɗan tsako a shafi guda, duk suna fuskantar gefe ɗaya. A nan za ka ga namijin jan-baki yana sa baƙar fuska lokacin ƙwai, bakin macen kuma ya koma rawaya. A nan ne kuma ake raba gauraka biyu da ake yawan haɗawa. Namu na Afirka ta Yamma wuyansa baƙi-baƙi ne, kuncinsa fari a sama ja-ja a ƙasa. Na tutar Yuganda wuyansa toka ne, da jan leɓe yana reto a maƙogwaro. Wasu hotunan da ake yaɗawa da sunan gaurakan Najeriya na Yugandan ne, kuma ba a cika samun mai gyarawa ba, domin namu ya yi ƙaranci a ƙasar nan har matasa da yawa ba su taɓa ganinsa a fadama ba.