Doron ƙasa da darasin kwalekwale

A watan Satumbar 2018, da ƙasa ta motsa a unguwar Mpape ta Abuja, wani ɗalibina ya tare ni a bakin aji ya ce: "Malam, shin a kan me ƙasar nan take zaune?" Na ce masa tana iyo ne. Ya yi dariya, a zatonsa raha nake yi.

Mu ɗauki duniya kamar mangwaro: ɓawo, tsoka, ƙwallo. A kan ɓawon muke zaune, kuma iri biyu ne. Na nahiyoyi kaurinsa ya kai kimanin kilomita 35, na ƙarƙashin teku kuwa bai wuce 7 ba. Sirrin yana ga nauyin mudu. Mudun dusa da mudun gero girmansu ɗaya, amma kowace uwargida ta san wanda ya fi nauyi. Idan mudun ruwa ya auna kilo 1, mudun dutsen nahiya zai auna 2.7, na ƙasan teku 3.0, na tsokar duniya 3.3. Marar nauyi shi ke hawa sama, yadda man gyaɗa ke taso wa ruwa.

Kada mai karatu ya zaci akwai wani kogin narkakken dutse a ƙarƙashinmu. Tsokar dutse ce daskararriya, sai dai zafi ya sa tana malala sannu a hankali, kamar kwalta a tsakiyar bazara.

Wanda ya taɓa tsayawa a mashigin Yawuri ya ga sauran bayanin da idonsa. A loda wa kwalekwale buhuna, ya ƙara nutsewa. A sauke, ya taso. Tsaunukan Himalaya kaya ne mai nauyi, shi ya sa ɓawon da ke ƙarƙashinsu ya kai kusan kilomita 70. A arewacin Suwidin da Finlan, inda ƙanƙarar da ta danne ƙasa ta narke shekaru kusan 10,000 da suka wuce, har yau ƙasar tana tasowa kusan santimita 1 a shekara.

Ɓawon nan, haɗe da saman tsokar, a fashe yake kamar ƙwaryar da ta faɗi. Masana na kiran gutsattsarinsa farantai, kuma suna tafiya 'yan santimitoci a shekara, kwatankwacin tsiron farce. Bajamushe Alfred Wegener ya ce nahiyoyi na tafiya tun 1912, aka yi masa ba'a, sai a shekarun 1960 binciken ƙasan teku ya gaskata shi. Inda farantin teku ya gamu da na nahiya, mai nauyin ne ke kutsawa ƙasa, kamar a gaɓar Japan da Chile. Irin wannan kutsawa ce ta haddasa igiyar tsunami ta Disambar 2004, wadda ta halaka mutane fiye da 200,000.

Ina ruwanmu? Nijeriya tana tsakiyar farantin Afirka, nesa da bakinsa, kuma wannan rahama ce. Amma jikin ƙasarmu yana da tsofaffin tabo. Kwarin Binuwai tsaga ce da ta soma buɗewa lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, shekaru fiye da miliyan 100 da suka shige, sannan ta tsaya. Ƙasa ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016. Girgizar Accra ta 1939 ta rusa gidaje, ta kashe mutane.

Abin da ke damuna shi ne, a garuruwanmu bene yakan rushe ba tare da ƙasa ta ko yi tari ba. Yaya zai kasance ranar da ta girgiza? Mun ga Turkiyya da Siriya a Fabrairun 2023, inda aka rasa rayuka sama da 50,000, galibi a ƙarƙashin gine-gine. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta. Ya kamata hukumomi su yawaita na'urorin auna motsin ƙasa, su tilasta gwajin ƙasa kafin a haƙa harsashi, mai gini kuma ya daina rowar siminti da rodi. Ɗalibin nan nawa injiniya zai zama, kuma gidajen da zai gina 'ya'yanmu ne za su kwana a ciki.