Kuɗin da Suka Dawo: Manoman Jazira da Asusun Ajiya na 1946

 Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Mai Wurno da Sinnar da Sinja, da na ƙauyukan Hasahisa da Managil, da duk wanda ke jin mu a kambo, wato sansanin 'yan ƙwadago, bayan ya taso daga gona. Sannunku da aiki.

Yau maganar kuɗi za mu yi. Kuɗin da mutum bai sa rai da su ba, sai a wayi gari a ce masa an cire masa fiye da ƙima, ya zo ya karɓi nasa. Da kuma kuɗin da ake karɓa a hannunka bisa kintace, tun amfanin gona bai shigo gida ba. A Amurka wannan abin kowace shekara ne. Mai albashi ana yanke masa haraji tun kafin kuɗin su shigo hannunsa, idan an yanka ya wuce, sai hukuma ta mayar masa bayan ya miƙa lissafinsa a watan Afrilu. Mai sana'ar kansa kuwa shi ke kintata abin da zai samu, ya biya kashi huɗu a shekara. Mu a Jazira ta Sudan tsarinmu daban ne, amma mun taɓa ganin irin wannan, kuma da ya zo sai da ya girgiza gwamnati.

Bari in taƙaita muku asalin abin, don yawancinku kun sani. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. An gama madatsar Sinnar a 1925, ruwa ya shiga Jazira, aka fara noman auduga don masaƙun Ingila. A lokacin, ɓangarori uku ke raba kuɗin audugar: gwamnati, da manoma masu hawasha, wato gonar da aka ba mutum ya riƙe, da kamfanin Turawa mai suna Sudan Plantations Syndicate. Rabon manoma kashi 40 cikin 100 ne.

To, a nan nake so ku kasa kunne, don a nan labarin yake.

A wancan zamani, manomi ba ya sayar da audugarsa. Ba ya ma ganin mai saye. Ya tsinke ta, a auna, a kai injin gurza a Maringan ko Hasahisa, jirgin ƙasa ya kwashe ta zuwa Port Sudan. Shi abin da ya sani shi ne sulfiyya, ɗan kuɗin da ake ba shi lokacin shuka da lokacin noma da lokacin tsinka, a rubuta a littafi. In an ƙiyasta farashi sai a biya shi riba bisa wannan ƙiyasin, in daga baya audugar ta yi kuɗi fiye da yadda aka zata, sai wani ciko ya biyo baya. Littafin yana ofishin mufattishi, wato sufeton gona. Babban littafin yana Barakat, hedkwatar aikin. Manomi kuwa yana gona, ƙafarsa cikin laka.

Sai shekarun 1930 suka zo da tsanani. Kasuwar duniya ta faɗi, cuta ta kama auduga, aka yi shekarun da manomi bai ga ko sisin riba ba, sai bashi. Mutane da yawa suka watsar da hawashominsu suka tafi. Su wa suka karɓa? Da yawa daga cikinsu mutanenmu ne, Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda suka fito da niyyar aikin hajji suka yada zango a nan. Su suka riƙe waɗannan gonaki lokacin da wasu suka guje su. Ina so matasanmu su riƙe wannan, su suka riƙe su.

Bayan wannan wahala, hukuma ta yi shawarar buɗe asusun ajiya. Duk shekarar da auduga ta yi kyau, sai a tsakuri wani abu daga rabon manoma a ajiye, don a toshe ramin shekarar da ba ta yi ba. Kamar dai rumbu ne. Amma rumbun da mai shi bai san inda aka gina shi ba, bai san nawa aka zuba ba, kuma makullin yana aljihun wani.

A 1946, ana dab da shuka, labari ya fasu cewa kuɗin da ke cikin asusun sun kai fam miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, fam na Masar, wanda shi ake kashewa a Sudan a lokacin. Zan sake faɗa: fam 1,300,000. Ku tuna an fito daga yaƙin duniya na biyu, kaya sun yi tsada, sukari da yadi sai da rabo. Mutum yana bin ɗan kasuwa yana roƙon bashi, sai ya ji ashe yana da dukiya a Barakat. Manoma suka haɗa kai, ƙauye bayan ƙauye, suka yi rantsuwa ba za su shuka auduga ba sai an ba su kuɗinsu. Ruwa na jira a tur'a, wato magudanar ban ruwa, lokacin shuka na ƙurewa, auduga kuwa ba ta jiran kowa. 'Yan boko na birni suka shiga tsakani, aka yi ta kai da komo. Daga ƙarshe aka fitar da fam 400,000 aka raba, manoma suka koma gona. Daga wannan yajin ne aka fara ba manoma wakilai da za su zauna a yi magana da su, kuma daga nan ƙungiyar manoman Jazira ta samo tushe. Arthur Gaitskell, Baturen da ya shugabanci hukumar Jazira bayan gwamnati ta karɓe aikin daga kamfanin a 1950, ya ba da labarin a littafinsa na 1959.

Ni dai a ganina, ajiyar ba laifi ba ce. Duk wanda ya ga shekarun 1930 ya san amfanin tanadi. Laifin shi ne a riƙe wa mutum kuɗinsa ba a nuna masa lissafi ba. Da tun farko ana karanta wa manoma adadin a kowace shekara, a gaban samad, wato mai kula da manoma, da dattawan ƙauye, ba na jin da an kai ga rantsuwa. Akwai kuma abin da ke sosa mini rai. Wannan kuɗi masu hawasha aka raba wa. Matan da suka duƙa suka tsinke audugar, da 'yan ƙwadagon kambo, sunansu bai shiga littafi ba, don haka ba su da kaso. Daga baya ma, da maganar takardar zama ɗan ƙasa ta taso, samun hawasha ya yi wa mutanenmu wuya, da yawa suka koma noman sharaka, wato na raba amfani, a gonar wani.

Shekara biyar bayan yajin, abin ya juya. Yaƙin Koriya ya ɗaga farashin auduga, amfanin 1951 ya yi albarka, matsakaicin manomi ya tashi da wajen fam 800. Amma farashin bai daɗe a sama ba. Wanda ya ɗauka haka za a ci gaba, ya faɗaɗa hidimarsa, ya sha wuya da kasuwa ta sauko.

Lokaci na ƙure mana, bari mu dawo yau. A 1981 aka soke lissafin haɗin gwiwa, kowane manomi ya koma da lissafin kansa, ana cire masa kuɗin ƙasa da na ruwa. Dokar 2005 ta ba shi 'yancin shuka abin da yake so. To yanzu ɗawainiyar lissafi a wuyanka take, malam manomi. Ga kuɗin ruwa, ga zakka da Diwanin Zakka ke karɓa, kashi 5 cikin 100 a noman ban ruwa, kashi 10 a na damina, in amfani ya kai nisabi, wajen kilo 653. Ga na ƙaramar hukuma a kasuwa. Mai shago kuma ga ofishin haraji da ƙiyasinsa.

Idan aka ƙiyasta maka, ka tambayi a kan me aka yi ƙiyasin, gonar fadan nawa ce, buhu nawa. Duk abin da ka biya na hukuma ka karɓi rasit, urnik 15, ka adana shi. Ba rasit, ba ka da bakin neman ragowa.

Idan kuwa kuɗi suka dawo maka, ko a hannu ko ta manhajar banki ta Bankak, kada ka taɓa su sai ka san daga ina suke, kuma na wace shekara ne. Ana yin kuskure a ofis, kuma in an gano za a biyo ka. Ana kuma turo saƙon shigar kuɗi na ƙarya, don haka ka buɗe asusunka ka gani da idonka. In ka tabbata naka ne, fara da bashin shel, wanda ɗan kasuwa ke ba ka kafin girbi ya karɓi buhunka a wulaƙance. Daga nan ka ware na ruwa da na iri na baɗi. Kada kuma ka bar su kwance a takarda. A 2021 tsadar kaya a Sudan ta haura kashi 300 cikin 100, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 fam sai ƙara zubewa yake. Buhun dawa ko akuya sun fi riƙe daraja.

Na san da yawanku kun dawo gida kun tarar takardu sun salwanta bayan abin da yaƙin ya yi wa Madani da Sinja. Allah ya mayar da alheri. Ku fara sabon littafi tun wannan kakar, ko ɗan makaranta ne ya riƙa rubuta muku. Mai noman sharaka kuma, ka zauna da mai hawasha a gaban shaidu biyu tun kafin shuka, ku yanke wa zai biya ruwa, wa zai fitar da zakka, kuma in wani abu ya dawo daga ofis, yaya za a raba shi.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.